Niƙan Hantsi

Shekarar da maigidana ya kafa injin niƙa mai aiki da lantarki a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, ina goyon ɗana na fari. 'Yan shekaru ne kafin mulkin kai, wuta ba ta daɗe da isowa layinmu ba. Mata kan yi surfe da safe, su wanke, su shanya, sai bayan la'asar yara su fara jera ƙore a bakin injin. Niƙa kan kai har magariba, daidai lokacin da kowa ke kunna ƙwan gidansa.

Da injin ya ɗauka sai fitilun layin su yi ja kamar garwashi. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya yi ƙorafi har ya gaji. Ran nan wutar ta ɗauke gaba ɗaya, aka ce har unguwar Tudun Jukun.

Washegari wani ma'aikacin gidan wuta ya zo a kan keke, Ibo ne, Hausa a bakinsa sarai. Na laɓe bayan zaure, don na sakankance waya ya zo yankewa, ga shi duk abin da muka mallaka yana jikin injin nan. Sai da ya sha ruwa, sannan ya yi wa maigida bayani cewa injinsu ba ya iya ɗaukar fitilun gari da injinan niƙa a lokaci guda, da hantsi kuwa kusan a banza yake juyi.

"Malam, ban ce ka daina ba," in ji shi. "Yi niƙanka da safe. Da la'asar ka kashe."

Da ma'aikacin ya tafi, maigida ya shigo. Ya ce wa zai kawo niƙa da hantsi, hatsi ko tsanewa bai yi ba? Na ce ya bar mini wannan.

A makon aka yi suna a maƙwabta. Da mata suka taru, na roƙe su su riƙa surfe da yamma, hatsi ya kwana a shanye. Wata dattijuwa da duk muke kira Inna ta ce tun tana budurwa da safe take surfe, ba ƙarfen da zai sauya mata.

Na ce, "Inna, in suka yanke wayar, dutsen niƙa za mu koma."

Ta dubi tafin hannunta. Mata suka yi dariya.

Da farko ƙoren ba su da yawa, amma sati bai zagayo ba layi ya dawo kamar da. Wuta ba ta sake ɗaukewa saboda mu ba. Matan ma suka ga gari na isowa kafin azahar, tuwo na sauka da sauran rana. Da damina ce kawai muka ɗan sha wuya, sai a ɗaka muke baza hatsin a kan tabarma, mu rufe ƙofa saboda kaji.