Farin gashi a kafaɗar Pyo

Shagon hoto na Pyo Man-gil yana manne da rumfar da nake sayar da miyar taliya a kasuwar Mokpo. Kullum da rana sai ya shigo ya ce gishiri ya yi yawa, sannan ya shanye kwanon tas. Ban taɓa rage gishirin ba, shi ma bai taɓa fashi ba.

Aikinsa raba mutum da abin da ke kewaye da shi. A kawo masa hoton biki, ya ciro mutum ɗaya daga cikin taro, domin hoton da ake kafawa cikin furanni ranar jana'iza dole mamaci ya kasance shi kaɗai. Pyo ba ya goge komai. Yakan shimfiɗa wa hoton wani abu a kwamfuta da yake kira mayafi: inda baƙi ya hau ya ɓuya, inda fari yake ya bayyana. Gashi ne ke ba masu wannan sana'a ciwon kai, shi kuwa a nan ya yi suna. Daga jikin hoton yake ciro mayafin, ya yi ta ƙara wa haske haske, duhu duhu, har kowane sili ya ware da kansa.

Bayan rasuwar matarsa Gye-sun, tarin da yake fama da shi ya tsananta, likita kuma bai ɓoye masa komai ba. Sai ya ce shi zai haɗa hoton jana'izarsa da hannunsa, kada wani ɗan koyo ya yanke masa kunne. Ya zaɓi wani hoto da aka ɗauke su shi da matarsa a jirgin ruwa: yana sanye da baƙar kwat, Gye-sun ta jingina kai da kafaɗarsa, iska ta watsa furfurarta a kansa.

Ina can na kai masa miya 'yarsa Hye-rim ta leƙa allon kwamfutar.

"Baba, duk hotunan duniya sai wannan? Ai Mama na ciki."

"Zan rufe ta. Kin manta aikina ke nan?"

Na ce, "Yau kuma kai za ka rufe Gye-sun? Matar da ba ka taɓa iya rufe wa baki ba?"

"Ke dai ji da gishirinki," in ji shi.

Ya rufe bangon jirgin, ya rufe fuskarta da rigarta. Da ya zo kan gashi sai mayafin ya ƙi raba su. Nata fari ne, nasa ma fari, ga baƙar kwat a ƙarƙashi, don haka duk suka fito tare. Abu ne da zai shafe da baƙi kafin miya ta huce, na sha ganin ya yi wanda ya fi shi wuya. Ya ɗora hannu, ya daɗe, ya sauke.

"Kwamfutar ta ce ba ta san inda na ƙare ba," ya ce. "Ni wa zan yi wa gardama?"

Raina ya sosu ƙwarai, na kwashi kwanona na fita.

Bai kai lokacin kaka ba, ya rasu. A ɗakin makoki hoton ya yi kyau, Pyo shi kaɗai kamar yadda aka saba, har da ɗan murmushin da ni bai taɓa yi mini ba. Hye-rim na gyara furanni sai ta hango wasu fararen silin gashi a kafaɗar kwat ɗin. Ta sa hannun riga ta share gilashin, ba su fita ba. Ta hura, ta sake sharewa.

Na riƙe mata hannu na ce, "Bar shi, 'yar nan. Ba a kan gilashin yake ba."

Ta matsa kusa ta duba da kyau, sannan ta ce a hankali, "Mama."