Malama Sake da Manyan Baƙaƙe

Malama Sake muke ce mata, mu malamai har da yaran, domin ko ka karanta daidai sai ta ce, "Sake, ka gaya mini me ka fahimta." Teburinmu ɗaya a ɗakin malamai. Ta koyar da iyaye, ga ta tana koyar da 'ya'yansu. Sabuwar kalma ba ta wucewa a ajinta sai kowane yaro ya saka ta a zancen gidansu.

Ni kaɗai na san idonta ya yi rauni. 'Yarta ke karanta mata darasin gobe a gida, ta haddace tsaf, ta zo ta riƙe littafi kamar tana gani. Tsoronta ɗaya ne, kada a raba ta da aji a ajiye ta ofis.

Sai aka kafa mana allon lantarki. Kowace safiya yakan fito da sabon labari, da kalmomi da hotunansu. Yara suka yi murna, ita kuwa hankalinta ya tashi, don ba abin da za ta haddace tun jiya. Ta ce mini, "Ƙanwata, wannan abin zai tona mini asiri." Na ce ta sayi tabarau mana, ta harare ni. Ashe ta gwada, bai yi ba.

Ranar da shugaban makaranta ya shigo duba darasi, na laɓe a bakin taga. Labari ya fito a allo. Malama ta matsa kusa, ta ƙanƙance ido. Wallahi na ji tausayinta har cikin raina.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malama, ba ma gani sosai. A ƙara girman rubutun."

"A ƙara, Malama!" in ji sauran.

Yarinyar ta je ta ja allon da yatsu biyu, baƙaƙe suka yi manya-manya, layi uku suka cika shi. Malama ta karanta tiryan-tiryan, ta tsaya kan kalmar "kawaici", ta tambayi ma'anarta, aji ya ɗauki hayaniya. Shugaba ya gyaɗa kai ya fita.

Da aka tashi na same ta zaune, alli a hannu, ido ya yi ja.

"Kin ga yarinyar nan?" in ji ta. "A layin gaba take zama. Tun yaushe suka sani?"