Kwalbar Magira ta Ƙarshe

Shekara shida ke nan da rasuwar kakata, Ya Falmata mai turaren wuta ta unguwar Fezzan. Ni Amsa, ina da shekara goma a lokacin. Yanzu ina aji biyar na sakandare, kuma har yau ni ce yarinyar da ake mantawa tana cikin ɗaki. Magana a gaban mutane tana yi mini wuya, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Mahaifiyar Kaka ta yi wa matan fada turare, a wurinta Kaka ta gaji haɗi uku, kowanne da sunan sarautarsa. Akwai Mairam, wato 'yar sarki, mai sanyin ƙamshi, na 'yan mata da amare. Akwai Gumsu, uwargidan sarki, na icen hawi da farcen turare, na macen da ta zauna a ɗakinta ta haihu. Sai Magira, uwar sarki. Shi icen gab-gab ne da take jiƙawa ta rufe a tukunya har shekara ta zagayo, kuma ba ta ba kowa sai macen da ta raini ɗa ko 'ya har ta aurar.

Na taɓa ganin wata hajiya ta zo da babbar mota tana neman Magira. Kaka ba ta ko ɗago daga kaskonta ba.

"Babban ɗanki ina yake?"

"Yana firamare, Ya Falmata."

"To ki dawo in ya yi gemu."

Ita kuwa tukunyar ta fi ni tsawo a lokacin. Kaka takan ce moɗar shan ruwan mutanen Sau ce, ƙattan nan na zamanin da, waɗanda matansu ke tsefe kai da reshen kuka. Na yarda da haka har na shiga aji shida na firamare.

Yau tukunyar tana bayan ɗaki, cike da tsofaffin takalma. Ƙanwar babana, Anti Yagana, ita ta karɓi sana'ar, ta mayar da ita cikin waya. Ba na ƙin cinikinta, da shi ake biya wa wasunmu makaranta. Abin da ke ci mini rai shi ne haɗi ɗaya take yi a babbar roba, sannan ta manna wa kwalabe sunaye yadda ta ga dama. Mai murfin zinariya Magira, mai murfin azurfa Gumsu. Na ga yarinya sa'ata ta sayi Magira don bikin gama makaranta. Uwar wane sarki ce ita?

Ba Anti kaɗai ba ce. Ku bi layukan unguwar Moduganari ku karanta allunan shaguna. Akwai wurin wankin mota mai suna Kaigama. Kaka ta ce Kaigama shi ke gaban mayaƙan sarki, ga shi yau yana riƙe da soso. A gidan biki, duk wadda ta yi liƙi gimbiya ce, in ta ƙara ta zama sarauniya. Nakan tambayi kaina me Kaka za ta ce. Ina jin ba za ta ce komai ba. Tsaki za ta ja, irin nata mai tsawo, wanda kaji ma kan watse in sun ji.

Kwalba ɗaya ta rage daga Magirar hannun Kaka. An naɗe ta da tsohon ɗankwali a ƙasan akwatinta. Ina zaune kusa da ita ranar da ta naɗe, tana ta faɗa ita kaɗai cewa Yagana ba ta jin magana, amma za ta aurar da 'yarta Bintu wata rana, kuma a ranar za a buɗe mata wannan. Ba ta lura ina wurin ba. Ni ma ban gaya wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ni.

A watan jiya aka yi bikin Ya Bintu, 'yar Anti ta fari. Ranar kai amarya na shiga ɗaki da garwashi, sai na ga kwalbar a hannun Anti, mai ɗaukar bidiyo yana gyara fitila. Za a turara amarya da ita, a sa a waya, duniya ta ga asalin Magira. In aka juye ta a kaskon nan, shi ke nan, babu wata a bayanta.

Na tsaya da kasko har ya fara ƙona mini yatsu.

"Ke Amsa, ajiye mana! Kin tsaya kamar an dasa ki."

"Anti, ba na amarya ba ne."

Wata ƙawar Anti ta ce, "Au, ashe tana magana?"

"Na waye, malama?" in ji Anti.

"Naki ne. Kaka ta ce ba kya jin magana, amma ranar da kika aurar da Ya Bintu a buɗe miki."

Matan suka kwashe da dariya. Anti ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon ɗankwalin, sannan ta ce wa mai bidiyo ya fita ya sha ruwa. Ummata ta karɓi kaskon daga hannuna ta ajiye a ƙasa, ta zaunar da Anti a kujera 'yar tsugunno, ta rufa mata lafaya har ƙasa. Da hayaƙin ya tashi, sai ɗakin ya koma ɗakin Kaka. Muna jin Anti tana kuka a cikin lafayar, tana cewa hayaƙi ne ya shiga idonta.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Kaigama yana nan yana wanke motoci, takalma suna nan a moɗar Sau, robar Anti ma tana nan. Haɗin Magira ya tafi da Kaka, don ba wanda ya zauna ya koya, ni kuma ina ƙarama. Abin da ya rage mana shi ne tambayarta. Shekaranjiya na ji Anti a waya da wata mai saye, tana faɗa da ƙarfi kamar yadda ta saba.

"Magira? 'Yar nan, babban ɗanki ina yake?"

Allah ya jiƙan Kaka, ya sa kabarinta ya fi ɗakinta ƙamshi.