Atiku, Ɗan Kabu-kabun Adda

Atiku mutumin Unguwar Lalle ne, manomi ɗan manomi. Abin da ya kai shi sana'ar kabu-kabu shi ne tsawon rani, ga shi kuma ba ya son tafiya cin rani Kudu kamar tsararrakinsa. Shekarar da wake ya yi kyau, ya sayar da abin da ya samu, ya haɗa da bijimin da ya yi kiwo, ya je Sabon Birni ya sayo babur na hannu. Ja ne, tankin ya lotsa ta gefe guda, madubi ɗaya gare shi. Da ya iso gida yana tura shi, don bai gama iya hawa ba, matarsa Binta ta leƙo daga zaure ta daɗe tana kallo.

"Wanga shi ne bijimin namu?" ta tambaya.

"Shi ne," in ji Atiku. "Sai dai wanga ba ya cin dusa."

"Allah shi sa kak ya ci mutum," ta ce, ta koma ciki.

A wancan zamanin hanya ba ta da wani abin tsoro sai ita kanta hanyar. Atiku ya koye ta da jikinsa, don babu gwiwa ko gwiwar hannu da ba ta bar masa tabo ba. Ya gane cewa yashi ba a taka masa birki, sai dai a sassauta hannu a bar babur ya nemi hanyarsa. Ya gane akuya tana da wayo, in ta ji ƙara za ta kauce, amma tunkiya in guda ta tsallaka to a jira saura, don ko mutuwa ce a gabansu sai sun bi 'yar'uwarsu. Raƙumi mai ɗauke da kara ya taɓa share shi daga kan babur kamar an share ƙuda, ya tashi yana kakkaɓe riga, Buzun da ke jan raƙumin kuwa ko waiwaye bai yi ba. Da damina ruwa kan cinye bakin kwalbati ya bar kwalta a rataye, a sama lafiya lau, a ƙasa rami. Duk da haka ya fi son damina. Yakan ce babu daɗi irin ka taso daga Isa bayan an ɗauke ruwa, ƙasa tana ƙamshi, gero kore shar dama da hagu, fasinja a baya yana ba ka labarin garinsu.

Cikin irin wannan damina ce abin ya same shi. Ya sauke fasinja a Isa, yana komowa shi kaɗai da hantsi. Gero ya yi tsawo har ya rufe gani. Wajen Gatawa, inda burtalin shanu ya ratsa hanya, sai wani maraƙi ya faso daga cikin gona a guje. Atiku ya karkatar da kan babur don kada ya banke shi, taya ta zame a laka, shi da babur suka gangara cikin kwari. Da ya yunƙura zai tashi, hannunsa na dama ya ƙi bin sa.

Wani Bafulatani dogo mai malfa ya gangaro da sanda a kafaɗa, ya tsuguna kansa.

"Kaɗo, kana da rai?"

"Da saura," in ji Atiku, yana cije leɓe.

"Maraƙina ne. Da ka so da ka taka shi, na gani da idona. Taso mu tai gida, innata tana ɗori."

Sunan mutumin Talha. Ya ciccibe shi ya kai shi rugarsu da ke bayan gonaki, ya koma ya turo babur. Uwarsa tsohuwa ce 'yar firit, kowa Adda yake ce mata, har jikokinta. Ta dubi hannun, ta shafa shi da man shanu tana tofa addu'a, ta sa Talha ya danne masa ƙirji. Kafin Atiku ya ankara ta ja hannun ta daidaita ƙashin. Ya kurma ihun da har karnukan ruga suka amsa. Ta jera tsagin kara ta ɗaure da tsumma, sannan ta dube shi ta ce, "Ƙato da kai kana kuka gaban surukata."

Aka aika wa Binta ta bakin wani ɗan kabu-kabu. Adda ta hana a ɗauke shi sai ƙashi ya fara kamawa, don haka ya kwana biyu a rugar, yana shan kindirmo da fura, yana kallon yadda ake tatsa da sassafe. Naja'atu matar Talha ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, sai dai ta ajiye ƙwarya ta juya. Ranar da zai tafi ya yi maganar abin da zai ba Adda na ɗori, ta ɓata rai.

"In ka warke," ta ce, "ka riƙa kai ni kasuwa. Ƙahwahuna sun gaji."

Haka aka fara. Duk ranar kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, Atiku yakan baro Unguwar Lalle da wuri, ko fasinja ya tsayar da shi sai ya ce an riga an kama shi. Zai tarar da Adda a bakin burtali, zaune kan tushen kalgo, ƙwaryar nono rufe da faifai a gabanta. Ba ta yarda ta hau kamar kowa. A karkace take zama, ƙafafu gefe guda, ƙwarya bisa cinya, hannu ɗaya riƙe da bayan rigarsa. In ya ƙara wuta ta ja rigar. In ya faɗa rami ta dungure shi a ƙeya.

"Kaɗo, nono na ɗauko, ba duwatsu ba."

"Inna, rana tana yi, masu saye za su watse."

"Su watse. Wanda ka son nonon Adda shi jira Adda."

'Yan'uwansa masu babura suka sa masa suna Direban Nono. In ya wuce tasha a hankali kamar mai rakiyar amarya, sai su bi shi da tafi. Bai damu ba. Shi da kansa ya lura tun da ya fara ɗaukar tsohuwar faɗuwarsa ta ragu, don hannunsa ya saba da lallaɓawa ko ba ta bisa. A hanya take ba shi labarin zamanin da suke tafiya mashekari da shanu har cikin Nijar, babu mai tambayarsu takarda, da yadda ta haifi Talha a gindin wata tsamiya ana tsakiyar tashi. Shi kuma ya kawo mata ƙarar Binta, ita ko kullum bayan Binta take bi. Da kaka yakan ɗaure mata damin gero a bayan babur, Talha kuma ya kawo shanu su kwana a gonarsa su bar masa taki. Da Binta ta haihu, Adda ta zo suna da man shanu cikin ɗan ƙoƙo, ta zauna cikin mata tana gyara musu riƙon jariri.

Sau ɗaya suka leƙa lahira tare. Suna dab da wata 'yar ƙaramar gada a hanyar Isa, wadda mota biyu ba sa wucewa a kanta lokaci guda, sai ga babbar mota shaƙe da buhunan hatsi ta gangaro daga gaba. Direban yana ta danna oda, yaran mota a sama suna ɗaga hannu suna ihu. Birki ya tsinke. Atiku ya duba dama, kwari ne mai zurfi. Ya duba hagu, gonar dawa ce da aka yi wa huɗa. Ya ce, "Inna, riƙe ni," ya kutsa cikin dawar. Babur ya yi tsalle kan kunya ɗaya, biyu, a ta gaba ya kwanta. Iskar motar ta kaɗa ganyen dawa a kansu, ta wuce ta je can gaba ta tsaya cikin yashi.

Atiku ya tashi yana neman tsohuwar. Ya same ta zaune tsakanin kunyoyi, ɗankwali ya faɗi, nono ya wanke ta tun daga kai har ƙafa, ƙwaryar kuma ta kife a kan madubin babur. Ta shafa fuska, ta dube shi, shi ma gemunsa fari fat.

"Inna, ba ki ji ciwo ba?"

"Nono ya zube, jini bai zube ba," ta ce. "Ɗauko mini ƙwaryata."

Sai dariya ta kama su, irin wadda take zuwa bayan tsoro, suka yi ta yi har direban motar ya iso da gudu yana salati, ya tsaya yana kallonsu. Ranar ba a je kasuwa ba. Suka koma ruga, Naja'atu ta gan su ta rufe baki da gyale ta shige bukka, kafaɗunta suna girgiza.

Shekaru suka tafi a haka, gashin Atiku ya fara furfura, ya sake babur, Adda ta ƙara ranƙwafawa. Daga nan ƙasar ta fara lalacewa. Da fari labari ake ji daga nesa, an kore shanun wane, an tare hanya wuri kaza. Sannu a hankali abin ya iso gida. Ƙarar babur da a da in an ji ta yara ke fitowa da murna, ta zama in an ji ta da yawa sai kowa ya nemi maɓoya. 'Yan bindiga suka kore rabin garken Talha da rana tsaka. A kasuwa kuma aka fara yi wa duk mai malfa da sanda wani irin kallo. Wata ranar kasuwa Adda ta zauna tun safe har azahar, matan da suka shekara suna sayen nononta suka riƙa wucewa suna kawar da kai. A hanyar komawa ba ta ja rigarsa ba ko sau ɗaya.

Ba a daɗe ba Talha ya same shi a gona.

"Za mu ƙetara Nijar," ya ce. "Daji ya hana mu, gari ya hana mu. Ni za ni bi da sauran shanu ta ƙasa. Inna ba ta iya tahiyar. Kai nika son ka kai ta."

Atiku ya kai ta. Suka bi ƙananan hanyoyi da safe, ƙullin kayanta a gaba kan tanki, ita a baya a karkace kamar kullum. Ya sauke ta a wani ƙauye bayan iyaka inda danginsu suke. Ta riƙe hannunsa na dama, ta latsa wurin tsohuwar karayar da yatsa kamar mai duba aikinta.

"Ka gaida Binta," ta ce. "Ka bar gardama da ita, ta fi ka gaskiya."

Bayan tafiyarsu da 'yan watanni aka tare shi. Ya ɗauko wani mai sayar da barkono, suna cikin tafiya mutane suka fito daga cikin sabara da bindigogi. Aka sa su kwanta rubda ciki. Yana jin ƙarar baburinsa tana nisa, ya san ta cikin dubu. Allah ya sa babur kawai suke so. Shi da mai barkono suka tako da ƙafa har gari. Da ya shiga gida Binta ta dube shi, ta dubi bayansa, ta kawo masa ruwa. A ƙarshen wannan shekara suka kwashe yara suka koma Isa wurin Ibrahima wan Binta. Atiku ya kafa rumfar faci kusa da tasha, yana liƙe tayoyin waɗanda suka rage a sana'ar. In aiki ya lafa sukan taru a rumfar, ya riƙa ba su labarin lokacin da mutum zai tashi daga Isa bayan la'asar ya nufi Unguwar Lalle, ba abin da yake tunani sai rami da tunkiya.

Bara, bayan sallar layya, Talha ya kira shi a waya. Adda ta rasu, ba ta yi doguwar jinya ba. Atiku ya ajiye tayar da ke hannunsa ya nufi gida. Da ya gaya wa Binta, ta yi kuka, sannan ta ce, "Sai ka tai. Wagga ba gaisuwar waya ba ce."

Ya shiga motar haya zuwa Sabon Birni, can ya sami Alhassan, tsohon abokin sana'arsa da har yanzu yake kai mutane bakin iyaka. Rabon Atiku da zama a bayan babur tun yana saurayi. Ya rasa inda zai sa hannunsa, duk ramin da ya hango sai ƙafarsa ta nemi birkin da babu. Alhassan yana jin yadda yake ƙanƙame shi, ya yi dariya ya ce, "Ashe haka kake da tsoro?"

"Ban san haka abin yake daga nan baya ba," in ji Atiku.

Suka isa da azahar. Talha ya rame, gemunsa ya yi fari. Suka yi addu'a, suka zauna kan tabarma a inuwar bukka. Naja'atu ta kawo fura, wannan karon ta tsaya ta gaishe shi da sunansa, ta tambayi Binta da yara ɗaya bayan ɗaya. Talha ya tambaye shi ko ana noma gonarsa ta Unguwar Lalle, ya ce wani ƙanensa yana taɓa gefen da ke kusa da gari, ragowar ta zama saura, ciyawa ta rufe ta. Suka jima suna lissafa mutanen da suka sani, wane ya rasu, wane yana Sakkwato, wane ba a san inda yake ba.

Alhassan ya matsa a kama hanya tun rana tana sama, amma Talha ya ce baƙon ta'aziyya ba ya juyawa ranar da ya zo. Atiku ya sallami Alhassan, ya kwana biyu a rugar. Da safe Talha ya kai shi ya ga kabarin, a gefen wata gona ƙarƙashin aduwa, an kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi. A rana ta uku ya sami motar 'yan kasuwa ta kawo shi Sabon Birni, daga can ya wuce Isa. Washegari ya buɗe rumfarsa, ya tarar da tayoyi suna jiransa.