Rumfar Darbejiya

Shekarar da fari ya cinye mana shanu, maigidana ya dawo daga kasuwar Maigatari da igiyoyi kawai a kafaɗa. Ya yi wata biyu ba ya fita ko ƙofar gida. Sai wani ma'aikacin gandun daji na Gumel ya ba shi irin darbejiya, ya ce idan ya rena su zuwa damina za a karɓa a dasa a bakin titi. Ni dai abin da nake so ya sami dalilin tashi da safe.

Ya zana rumfar da zai rene su a ƙasa da sandar kiwonsa, a bayan ɗakina. Dirka shida, gadon kara na jera kasake, randa a kusurwa, tulin taki da yashi a gefe. Har nan babu laifi. Amma mutumin da ya yi shekara talatin yana renon maruƙa bai san wani reno ba sai ɓoyewa. Ya kewaye rumfar da zana ruf, ya ninka rufin, ya sa ƙyaure. Ko ƙadangare sai ya yi sallama.

Na ce, "Malam, ba ka bar musu rana ba?"

Ya ce, "Ke, ranar nan ba ita ta gama da mu ba?"

Na ƙyale shi, don gaskiya ya faɗa.

Suka tsiro, suka yi zaƙo-zaƙo, dogaye, farare kamar zaren saƙa. Shi kuwa murna yake, wai sun yi saurin girma. Da aka yi ruwan farko ya fitar da su fili su jira motar da za ta kwashe su. Kwana biyu rana ta kwantar da su duka.

Ya tsaya a kansu, hannu a baya, irin tsayuwar da ya yi a kan shanun. Na ji tsoro ƙwarai ya koma ɗaki.

Akwai wani fasasshen kasko da ya yar tun farko, da iri a cikinsa, a bakin magudanar wanke-wanke. Abin da ya tsiro ciki gajere ne, kore shar, akuya ma ta taɓa gutsurarsa. Na ɗauko na ajiye a gabansa.

Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce, "Miƙo mini wuƙa."

Ya fara yanke igiyar zanar gabas.