Malam Sabo da Takardun Tuƙinsa

Duk wanda ya zauna unguwar Titiwangsa, a nan ƙasar waje, a shekarunmu ya san Malam Sabo ba ya tayar da mota sai ya ɗaura bel, ya soki yatsa ya auna sikarinsa, ya nuna wa na kusa da shi lambar. "Ka shaida?" Sai ka ce ka shaida sannan za a motsa. Ni ne na fi shan wannan shaidar, don tare muke tafiya makaranta a titin Jalan Semarak.

Asalin abin, da ya je neman lasin tuƙi na nan ƙasar, ya rubuta musu yana da ciwon suga, idon hagu kuma yana hazo. Muka ce, "Malam, wa ya tambaye ka?" Ya ce, "Fom ɗin." Aka ce ya jira rahoton likita, kafin nan ya yi ta amfani da takardar tuƙin da ya zo da ita daga Kano har ta ƙare. Mutumin da tun yana saurayi yake tuƙi, ga shi sitiyari na neman kuɓuce masa.

Wata rana muka tarar da shingen ’yan sanda a hanyar Brickfields. Ɗan sandan ya yi mana hannu mu wuce. Malam ya faka, ya fito da fayil.

"Boleh, boleh, jalan lah," in ji ɗan sandan da yarensu, wai mu tafi.

"A'a, ofisa, karanta. Application ɗina pending yake."

Sai da bawan Allahn nan ya karanta shafi huɗu a tsaye cikin rana, har da sakamakon fitsari, motoci na ta ham a bayanmu. Daga ranar, suna hango motar suke juya baya.

Gudu kuwa, ba a magana. Matarsa Hajiya Rabi ta taɓa sauka a danja, ta shiga kedai, wato shagon abinci, ta yi tapau ɗin abincin yara, aka ƙunsa mata, ta tako a ƙafa ta same mu a danja ta gaba. Da ta shigo ya ce, "Kin ga amfanin bin doka?"

Ranar da takardar Kano za ta ƙare, ya ce a Kano aka buga ta, don haka da agogon Kano za ta mutu, wato sha biyun dare a can, bakwai na safe a nan. Bayan asuba ya ɗauke ni muka yi ta zagaya tafkin Titiwangsa, ba inda za mu. Bakwai na cika ya tsaya a gefen titi, ya kashe mota, ya miƙo min makulli. Na yi dariya, amma da na dubi fuskarsa sai dariyar ta maƙale.

Bayan sati biyu likita ya ce idon ba zai yi tuƙi ba. Wasu suka ce ya gwada wani likitan. Ya ce, "Idon nawa ne, yaran da ke tsallaka titi ba nawa ba ne." Da ƙafarsa ya je ya janye takardar neman. Ya koma kujerar gefe, yana taka burkin da babu, yana min faɗa, har ciwon ya kwantar da shi. Wallahi ina kewar faɗan nan.

Allah Ka jiƙan Malam Sabo. Bai ɓoye wa kowa rauninsa ba, Kai kuma Ka rufa masa asiri, Ka haskaka masa kabarinsa.