Kwandon Makullai

Ni ɗan Damagaram ne, karatu ya kai ni Lyon. Ban taɓa sa giya a bakina ba, har yau kuwa, amma ita ta kai ni gidan kaso.

Sanusi, ɗan Maraɗi mai aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, shi ya ba ni katifa a ɗakinsa. Mutumin kirki ne, ga fara'a, sai dai yana ɗan taɓa kwalba. Ran Lahadi da rana yakan ja ni fet, wato liyafar abokansa, inda suke wasan karta: wanda ya zari ƙarama ya shanye kofin giya. Tunda ba na sha, suka naɗa ni alƙali. Ni ke rabon karta, ni ke riƙon kwandon makullai da wayoyi don kada wani ya tuƙa mota a buge.

"A ba Malam," in ji Sanusi. "Shi kaɗai ne mai hankali a nan."

Na fara sata da agogon da wani ya manta a kwandon. Bai tambaya ba. Daga nan na koyi jera karta yadda mai waya mafi tsada zai fi kowa sha. Da hannuna ya faɗa sai na koma Paris, ina bin fet-fet, ko'ina ana yabon natsuwata.

Wata rana Sanusi ya kawo mini ziyara, ya bi ni fet da sabuwar wayarsa. Wallahi ina ƙaunarsa, amma na jera kartar. Kofi bayan kofi, yana dariya yana cewa, "Malam, yau ba ni da sa'a." Sai ya kife, numfashinsa na sarƙewa. Na kira motar asibiti, na kasa gudu. 'Yan sanda suka tarar da wayoyi huɗu a jakata, har da tasa. A kotu na faɗi komai, Sanusi na zaune yana ji.

Ranar da aka sake ni na iske shi a bakin ƙofa, ya rame, ya bar sha. Na kasa haɗa ido da shi. Sai ya miƙo mini makullin motarsa.

"Riƙe mini, Malam, in ɗaure takalmi."

Na duba ƙasa. Silifas ne a ƙafarsa. Nan na fashe da kuka.

Na tuba, ina roƙon Allah gafara. Ƙannena, ku nisanci wasan nan, ko da alƙalanci aka ce ku yi. In kuma wani ya ba ku abinsa ku riƙe, ku mayar masa yadda ya ba ku. Na yi zaman kaso na gama, amma makullin nan har yau ina jin nauyinsa a tafina.